Rigar Amyar Jibo

Asabar, 11 ga Afrilu, 1959. Rawayau.

Na zo gida gaisuwar Sallah. Littafin nan na aikin allurar shanu ne, amma rabinsa na baya fari ne fat, to a nan zan riƙa zubar da abin da ke cina, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Amyar Yaya Jibo tana nan a kan ɗorawar bayan gidanmu, kuma har yau da zuma a ciki. Wata tara ke nan da ya faɗo daga itacen. Tabarmar da ya yafa mata ranar ta ruɓe ta zama zare-zare, ta gefen gabas har yaɓen jikinta ya fara zuba. Garwata ma tana nan, tana reto a reshen da ke ƙasa da amyar. Iska kaɗan sai ka ji ƙwal, ƙwal. Ba wanda ya sauke ta. Ba wanda ya ƙara hawa itacen ma.

Na gaida Dada, ta ce lafiya lau. Na ce ya zafi, ta ce lokacinsa ne. Hirar da na yi da uwata ke nan bayan wata biyu ba mu ga juna ba.

Lahadi, 12 ga Afrilu.

Hawwa'u, autarmu, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce Dada ta daina cin abinci a ɗaki, sai dai ta ɗauki akushinta ta je gindin ɗorawa ta zauna tana sauraren ƙudan zuman. Ran nan ta ce mata, "Ranar da suka tashi ki naɗe mini tabarmata, na gama zama." Hawwa'u tana faɗa tana share ido da gefen zane. "Yaya Audi, ruwan farko zai shiga amyar nan. In ya shiga kuwa tashi za su yi."

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, ko zai rage mini nauyi.

Bara da bazara na zo na tarar da Jibo yana yanta shuci zai yi wa amyarsa riga, yadda yake yi kowace shekara kafin ruwa. Ni kuwa malamin dabbobi, mai keke, mai agogo a hannu, na ce haba Yaya, har yaushe za a yi ta wahalar ciyawa? Na koma Dutsin-Ma na samo garwar kananzir biyu, na farke su, na bubbuge suka miƙe, na haɗa, na lanƙwasa. Na kawo ina hura hanci. Ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "Audi, wannan rana za ta dafa su, ruwa kuma ya yi masu ganga." Na yi dariya gaban mutane, na ce mutum dai ba ya son abin da bai sani ba. Sai ya ajiye shucinsa, ya hau ya ɗora garwata. Don kada in ji kunya ya ɗora. Tun a ranar na san haka.

Cikin Yuli, wata Talata da la'asar, hadari ya taso da iska. Garwar ta ɗage tana dukan amyar. Ya ɗauki tabarmar da yake kwana a kai ya hau cikin ruwan. Ya cire garwar, ya yafa tabarmar, ya ɗaure. Wajen saukowa ne. Ni ina Makera ina yi wa shanu allura, sai washegari aka same ni.

Ba wanda ya taɓa ce mini kai ne. Wallahi da an faɗa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 15 ga Afrilu. Dutsin-Ma.

Kafin in taho na roƙi mutum uku a ƙauye su hau su rufe amyar. Duk sun ƙi. Ɗaya ya ce ƙafarsa, ɗaya ya ce zai yi shawara, na ukun dai ya faɗi gaskiya, ya ce itacen ya riga ya ɗanɗana mutum.

Alhamis, 16 ga Afrilu.

Na ji garwar yau. A nan Dutsin-Ma, tsakar rana, ina wanke sirinji. Na fita na zagaya ɗakin, ko gwangwani babu.

Asabar, 18 ga Afrilu.

Na bi ta Kurfi wajen Baba Hudu mai amya, wanda Jibo ya fi yabo a harkar zuma. Tsoho ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari, amma bakin nan na nan da kaifinsa. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce, "Kai ne mai garwa?" Na ce ni ne. Ya ce, "To zamna." Shi ne mutum na farko da ya faɗa mini a fuska, kuma saura kaɗan in kama hannunsa in yi ta godiya.

Abin da na riƙe daga bakinsa, kafin in manta. Ƙashin rigar da sandar geza ake yi, ɗanya, a lanƙwasa kamar sirdi yadda za ta hau bayan amyar ba sai an sauke ta ba. A yaɓe da kashin shanu da makuba, wato ruwan ɓawon 'ya'yan ɗorawa, shafa kaɗan, ba ginin soro ba. Sannan shuci a bisa. "Riga ba ta taɓa jiki. Ka bar yatsa biyu iska ta bi, in ba haka ba gumi ya kashe su." Bakin amya yamma yake kallo, don ruwa daga gabas yake zuwa, saboda haka gabas ake yi wa kauri.

Na fito da fensir zan rubuta, ya ce, "Af, halan takardar ce za ta hau itacen?" Ya tambayi wa zai hau. Na ce ni. Ya ce na taɓa hawa? Na ce ina yaro. Ya yi dariya har da tari, sannan ya daina, ya daɗe yana kallona da idon nan mai gani.

Ni kaina ban san zan ce ni ba sai da na ji na faɗa.

Lahadi, 19 ga Afrilu. Rawayau.

Na sari geza a bakin rafi. Ba yadda zan auna amyar tana sama, sai Hawwa'u ta tuna mini akwai wata tsohuwa ta Jibo a ƙarƙashin rumbu, babu kowa a ciki, kuma duk amyoyinsa da kamu ɗaya yake saƙa su. Na jawo ta. Da na buɗe murfin sai warin hayaƙi da kaki ya daki fuskata, warin rigarsa ke nan sak. Na rufe na je na wanke fuska, na dawo na sake buɗewa.

Asabar, 25 ga Afrilu.

Na lanƙwasa ƙashin a bayan tsohuwar amyar, na ɗaɗɗaure da igiyar rama. Geza biyar na karya. Hannun da ya saba da sirinji, yau duk ya yi kanta ya fashe. Madalla, ya ji a jikinsa.

Dada ta wuce ta gabana sau uku da akushinta. Ko kallo.

Wani abu game da Dada da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba sai bana. Jibo ɗan fari ne, ita kuwa wajen kunya Bafillatana ce ta asali. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai "wancan", ko "mai zuman". Ba ta miƙa masa abinci da hannunta, ba ta zama inda yake zaune. Ranar da aka kai shi, an ce mata suna ta kuka ita tana tsince wake, har aka yi ta yaba mata. Yanzu ga ta kullum a ƙarƙashin amyarsa. Ni da take kira Audi, Audi, tun ina rarrafe, wata tara ke nan ban ji ta kira ni ba.

Lahadi, 26 ga Afrilu.

Na yanta shuci tun safe, na baibaye rigar, ta yi kyau a ido har na fara jin daɗin kaina. Na ce bari in gwada irin ta 'yan boko. Na yage takarda ɗaya daga littafin nan, na rubuta sunana da tawada, na sa a ƙarƙashi, na ce Hawwa'u ta hau turmi ta juye tulu guda a kai.

Da na ciro takardar, sunana ya narke, sai shuɗi kawai. Ashe daga sama na fara jera shucin na gangaro, kowane layi bakinsa a buɗe yana jiran ruwa. Ko yaron da ya taɓa ganin ana baibayar ɗaki ya san daga ƙasa ake farawa. Hawwa'u ta tuntsire da dariya, "Malam ya faɗi jarrabawa," sai kuma ta tuna abin da muke yi, ta sauko daga turmin.

Na warware duka. Na sake jera layi uku daga ƙasa kafin magariba, na bar sauran sai wani satin.

Asabar, 2 ga Mayu.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Rigar tana inda na bar ta, a inuwar rumbu. Amma ƙullin da ke jikinta ba nawa ba ne. An warware nawa ɗaya bayan ɗaya an sake, kuma kowane ƙulli wutsiyarsa hagu ta kwanta, an zagaya sau biyu an soke ta ƙasa. Na san ƙullin nan. Da shi aka ɗaure mini kayana ranar da zan tafi makaranta Katsina. Jibo bahago ne, duk Rawayau ba mai ƙulli irin nasa.

Na tambayi Hawwa'u, ta rantse ba ta taɓa ba, da ta duba kuma sai ta ja da baya tana salati. Ba namijin da ke shiga bayan gidan nan. Na ce kada ta faɗa wa Dada.

Na yi alwala, na yi nafila, na yi masa addu'a. Na san mamaci ba ya dawowa, na sani sarai, ni da na sauke Alƙur'ani kafin a kai ni boko. 

Lahadi, 3 ga Mayu.

Na ƙara layi huɗu. Kafin in tafi na warware ƙulli ɗaya a can ciki inda ido ba ya kai, na mai da shi irin nawa. Mu gani.

Laraba, 6 ga Mayu. Dutsin-Ma.

Gabas ta yi baƙi da yamma, ta watse ba ko ɗigo. Na tsaya a ƙofa ina roƙon Allah Ya jinkirta ruwa, alhali duk garin roƙon ruwa ake yi. Allah Ya yafe mini.

A kasuwa na bi wani mutum tun daga 'yan goro har bakin mahauta, don kawai yana ɗage kafaɗar hagu in yana tafiya. Da ya juyo, wani baƙo ne mai tsagar Gobirawa. Ya ce lafiya, Malam? Na ce lafiya.

Asabar, 9 ga Mayu. Rawayau.

An gyara shi. Ƙullin da na ɓoye ɗin.

Na durƙusa gaban rigar kamar wawa, na ce, "Yaya, in kai ne, ka yafe mini." Ba abin da ya amsa sai garwar, ƙwal.

Ɗorawa ta nuna. Hawwa'u ta kakkaɓo da ƙugiya, ta ware garin da kalwa, ta daka mini ɓawon na jiƙa makuba. Itacen da ya kashe shi, shi ne zai ba da abin tsare masa amya. Yau ne karo na farko da na shiga ƙarƙashinsa sosai, don kwasar ɓawon. Na tambayi Hawwa'u a ina ne daidai ya faɗo. Ta nuna da haɓa. Inda Dada ke shimfiɗa tabarmarta ne.

Lahadi, 10 ga Mayu.

Na yaɓe ta ciki da kashin shanu da ruwan makuba, shafa kaɗan yadda Baba Hudu ya ce. Ta yi ja-ja, tana bushewa. Na ɗaga ta na ji nauyinta, na ɗaga kai na dubi reshen. 

Litinin, 11 ga Mayu.

Na fita da sassafe, ina wuce rafi ƙaya ta sace mini taya. Na turo keken na dawo da hantsi in ɗauki kayan faci. Hawwa'u ta tafi rijiya. Na zagayo ta bayan rumbu, sai na tsaya cak.

Dada ce. Tana zaune ta miƙe ƙafa, rigar a kan cinyarta, tana lalubar ƙullina da yatsa tana warwarewa. Da hannun hagu take ƙullawa. Zagaye biyu, ta soke ta ƙasa, ta ja da haƙori. Sauri kamar ba ita ba. Shekarata ashirin da takwas ban taɓa ganin ta yi wani abu da hagu ba. Sai yanzu na tuna wata magana da ta taɓa yi wa Hawwa'u, cewa tana ƙarama gwaggonta ta ɗaure mata hannu ɗaya a zane har wata biyu, don ta koyi cin tuwo kamar mutane.

Ashe a wurinta ya gado. Ashe kuma ita ta koya masa, ko ta yaya, ko a ina, su biyun da ko zama wuri ɗaya ba sa yi.

Na koma da baya a hankali. Na tura keken har Kurfi a ƙasa, can aka yi mini faci.

Ya kamata in ji sanyi a raina, ba fatalwa ba ce. Amma abin da na ji, bari in faɗa tunda ba mai karantawa: haushi na ji. Ashe so nake ya zama shi ne.

Asabar, 16 ga Mayu.

Na gama baibaya. Na sake sa takarda, Hawwa'u ta juye tulu biyu. Sunana ya fito a bushe, ko gefe bai jiƙe ba.

Dada tana wucewa, ba ta tsaya ba, ta ce wa Hawwa'u, ko kuma kaji ta faɗa wa, oho: "Gabas bai yi kauri ba." Na ƙara layi biyu a gabas. Na yi ƙoƙarin yin ƙullin irin nata, ya fito a karkace. Na bar mata shi haka.

Alhamis, 21 ga Mayu. Dutsin-Ma.

An yi ruwa jiya wajen Makera, har ƙamshin ƙasa ya iso nan. Alu mai jaki ya kawo saƙon Hawwa'u: ƙudan sun fito sun yi dunƙule a bakin amyar kwana biyu ke nan, Dada kuma ko kunu ta ƙi sha. Na aika wa Baba Hudu. Lahadi in Allah Ya kai mu.

Tun da rana nake jin garwar. Yau ko fita dubawa ban yi ba.

Lahadi, 24 ga Mayu. Rawayau.

Na hau.

Baba Hudu ya kwana a zaurenmu, a kan jaki ya zo. Muna idar da sallar asuba muka fita, kafin rana ta taɓa amyar. Ya kunna busasshen kashin shanu a kasko, ya sa na wanke jikina da ruwa zalla, ya ce warin maganin shanun nan nawa kaɗai ya isa ya sa su haukace. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu. "In ka ji tsoro kada ka dubi ƙasa, dubi hannunka. In sun harbe ka kada ka kai duka, ai gidansu ka zo." Mutane sun taru can nesa bakin gona, ba wanda ya matso. Dada tana kan tabarmarta, aka ce ta gusa, ta ƙi.

Ban san yadda na kai ba. Akwai wuraren da ɓawon itacen ya yi santsi saboda ƙafarsa, nan na riƙa sa tawa. Na jawo kaskon, na busa masu hayaƙi, dunƙulen ya watse suka shige. Kukan da suke yi a ciki har a ƙirjina nake jinsa. Na warware igiyar tabarmarsa. Ƙulli huɗu, cikin ruwa da iska ya yi su, kuma ba ɗaya da ya saki a wata goma. Tabarmar ta marmashe a hannuna.

Hawwa'u da Baba Hudu suka ja igiya, rigar ta taso tana juyawa, na tare ta da ƙirji na ɗora. Ta hau daram. Na sa yatsa biyu ta ƙasa, sun shiga. Na ɗaure gaba da baya. Sun harbe ni a wuya da fatar ido da bayan hannu, ban kai duka ba.

Wajen saukowa na zo daidai garwar. Na miƙa hannu zan fizge ta in jefar, don kowa cewa yake maƙalewa ta yi a reshe da ya wurgo ta. Ba maƙalewa ta yi ba. Ɗaure ta aka yi. Igiya ta bi ta hudar ƙusa, ta zagaya reshen, wutsiya a hagu. Har ƙulli uku.

Ya riga ya gama aikinsa, amya ta rufu, saura ya sauka. Sai ya tsaya a kan jiƙaƙƙen reshe, cikin iskar nan, yana ɗaure mini garwata don kada ta faɗa taɓo ta lotse, in zo in gani in ji ba daɗi.

Ban san iya daɗewar da na yi a wurin ba. Baba Hudu yana ta ihu daga ƙasa, "Kai mai garwa, suma ka yi?" Na warware ƙullin uku, na zura ta ƙasa da igiya a hankali. Sannan na sauko.

Litinin, 25 ga Mayu.

Ban koma aiki ba. Ido ya kumbura, shi na ce wa Alu ya faɗa masu. Itacen ya yi tsit, har na rasa abin da ke damuna, sai can na gane ƙarar garwar ce babu.

Asabar, 30 ga Mayu.

Ina sauka daga keke da la'asar gabas ta haɗe. Iska ta fara, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a ƙofar ɗakin Dada mu uku. Ɗorawa tana ta rangaji, ina ganin shucin yana kwantawa yana tashi, ruwa yana bin bayansa yana zuba gefe. Duk ƙullin da na yi sai da na bi shi a zuciyata ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗauke kafin magariba. Muka fita cikin taɓo. Shiru, shiru, har Hawwa'u ta fara cewa ko dai, sai ga ɗaya ya fito daga bakin amyar, ya zagaya ya koma. Sai uku. Sai ga su nan suna ta shige da fice abinsu. Dada ta daɗe da kai a sama. Ta ce wa Hawwa'u ko akwai sauran tuwon rana.

Lahadi, 31 ga Mayu.

Na ɗauki garwar da hauya zan je bayan gona in binne ta. Ina wuce ɗorawa na ji an ce, "Audi."

Na tsaya. Na durƙusa. Ta ce ina zan kai ta. Na ce Dada, ni ne fa, garwar nan tawa ce, kuma ba maƙalewa ta yi ba, tsayawa ya yi ya ɗaure ta, saboda ni. Na faɗa duka, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ga gemu.

Ta ce, "Na sani. Ina nan tsaye."

Ta ce ta fito da faifai a ka ta tsaya a ƙarƙashi. Ta ga ya gama da tabarmar, ta ga ya juya wajen garwar. Ta so ta ce masa ya bar ta ya sauko. "Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Shekara talatin da biyar ban faɗe shi ba. Sai na ce kai, kai. Iska ta tafi da shi. Da sunan na kira da ya waiwayo, don bai taɓa jin shi a bakina ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi garwar ta ɗora a cinya, ta share mata ƙasa da hannun hagu, a gabana, ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Jibo ya ɗaure ta. Ba a binne abin da Jibo ya ɗaure." Sau biyu ta faɗi sunan. Hawwa'u tana fitowa da ƙwaryar fura, sai da ta zauna a ƙasa.

Ta sa na lanƙwasa gefunan garwar na toshe hudojin da kaki, aka zuba tsakuwa da ruwa, aka ajiye a gindin itacen don ƙudan su riƙa sha. Kafin azahar sun gano ta.

Laraba, 3 ga Yuni. Dutsin-Ma.

An kwana ana ruwa. Na yi barci.

Asabar, 13 ga Yuni. Rawayau.

Gero ya tsiro. Na sami Dada a ɗaki suna cin abinci akushi ɗaya da Hawwa'u. Ta ce na rame, ta ce Jibo ma haka yake yi da damina, ta ci gaba da cin tuwonta. Har yanzu in ta faɗi sunan sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Na hau na duba rigar, ba don komai ba, hanya ce ta biyo da ni. Ciki a bushe.

Tsohuwar amyar nan ta ƙarƙashin rumbu, na ɗan yaɓe ta da sauran makuba. Don kada gara ta cinye ta ne kawai. Baba Hudu ya ce akwai wani turare da ake yi wa sabuwa kafin a ɗora, na ce ni ba mai amya ba ne, amma dai ya faɗa mini in ji. Akwai reshe mai kyau ta yamma.

Da zan ɗaure kayana a keke Dada ta leƙo, ta ce wutsiyar ta ƙasa ake soke ta. Na warware na sake.